Ƙaramin jirgin ruwan da ake ɗinkawa a gida

A Ingila, zuwa farkon shekarun 1960, tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska wasa ne na masu hannu da shuni. Jaridar Daily Mirror ce ta yi ƙoƙarin sauya haka a 1962, inda ta ɗauki nauyin wani ƙaramin jirgi da magidanci zai iya haɗawa a garejinsa.

Barry Bucknell, mai koyar da gyare-gyaren gida a talabijin na BBC, da Jack Holt, gwanin zanen jiragen ruwa, su ne suka tsara shi. Tsawonsa mita 3.3 ne, goshinsa a daɗe, ƙyallen da iska ke turawa kuma ja ne, launin tambarin jaridar.

Sirrinsa yana cikin haɗin. Ana huda gefen fallayen katako marasa kauri, a ɗinke su da wayar tagulla kamar yadda baduku ke haɗa fata, sannan a bi kowace gaɓa da gam da ƙyallen zaren gilashi. Ba ya buƙatar ƙwarewar kafinta, haƙuri yake so. Gaɓar da aka yi wa gaggawa a gida, ita ce za ta shigar da ruwa a tsakiyar tafki, wataƙila da yara a ciki.

An ƙera fiye da 70,000, kuma iyalai da dama sun riƙa ɗora nasu a kan mota zuwa bakin ruwa.