Mai Sa Dawaki Barci

A tsakanin masu dawakin tsallaken shinge na Amurka, an taɓa yin wani mutum mai suna Tommy Burns da ake yi wa laƙabi da mai sa barci. Idan ya bayyana a wuri, sau da yawa ba a daɗewa sai a iske doki a mace. Masu dawakin ne da kansu ke kiransa su biya shi.

Dalilin yana cikin takardar inshora. Yawancin masu dawaki inshorar mutuwa suke yi, wadda ke biyan cikakken kuɗin doki idan ya mutu. Akwai wata ta daban, ta dokin da ya nakasa har ya daina moruwa, amma tana da tsada, wani kaso kawai take biya, kuma sai likitocin dabbobi sun tabbatar ba zai warke ba. Dokin da lafiyarsa ƙalau, sai dai ya kasa cin gasa, babu kamfanin da zai biya ko sisi a kansa. Ga ci, ga magani, ga albashin masu kula da shi. Marasa imani suka lissafa, suka ga gawarsa ta fi shi daraja.

Burns yakan tsaga wayar lantarki gida biyu, ya maƙala ɗaya a kunnen doki, ɗaya a duburarsa, ya jona a bango. Nan take dokin zai faɗi, kuma likita ya ɗauka murɗawar ciki ce ta kashe shi.

Sai aka zo kan wani doki mai suna Streetwise, wanda aka yi wa inshorar dala 25,000. Ya taɓa fama da murɗawar ciki, don haka kamfanin ya cire wannan ciwon daga abin da zai biya. Lantarki ba zai yi ba ke nan, dole a ƙirƙiro haɗari. A daren 2 ga Fabrairu, 1991, ana ruwan sama a wata gona kusa da Gainesville a jihar Florida, Burns ya riƙe ragama, abokinsa Harlow Arlie ya ɗaga sandar ƙarfe ya sauke ta a ƙafar dokin ta baya. Shirinsu su ce santsi ne ya kwashe shi wajen hawa mota. Dokin ya ƙwace ya ruga cikin duhu, ƙafar na reto, daga baya likita ya ƙarasa shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda doki ke miƙa kai ga mai riƙe masa ragama ya san girman wannan cin amana.

Ashe jami'an gwamnati na laɓe suna kallo. A daren aka kama su. Da Burns ya ga waɗanda ya yi wa aiki sun juya masa baya, sai ya buɗe baki ga hukumar FBI, har ya riƙa naɗar maganganunsu a ɓoye. A 1994 aka tuhumi mutane da dama, ciki da manyan mahaya da masu horar da dawaki. An ɗaure George Lindemann ƙarami, ɗan hamshaƙin attajiri, wata 33 saboda kashe dokinsa Charisma, mai inshorar dala 250,000. Laifin da kotu ta kama shi da shi kuwa na damfarar kamfanin inshora ne.