Farashin da ba shi da rana jita-jita ne

Na gaji da jin maganar nan a tashar mota da bakin kasuwa: "Shafukan farashin nan duk ƙarya ne, manyan 'yan kasuwa ke biyan su." Mai faɗin haka yakan ciro waya ya nuna hoton da aka turo masa a WhatsApp, wai ga kuɗin ƙwaryar doya a Accra, ga kuma abin da dillali ya taya masa a Salaga. Shi ke nan, an yanke hukunci.

Aikin shafin farashi a fili yake: wakilai su zaga kasuwa su tambayi kuɗin kaya, a tattara, a wallafa. Ba baƙon abu ba ne a Ghana. Tun 2005 aka kafa TradeNet a Accra, wanda ya koma Esoko a 2009, yana tura wa manoma farashi ta saƙon tes daga kasuwanni irin su Techiman, Tamale, Kumasi da Bawku. A Salaga ma ƙungiyar SEND ta gudanar da shirin ECAMIC don manoma su san kuɗin kaya kafin su sayar.

To ina ƙaryar take? Malam, farashin kasuwar Agbogbloshie ta Accra ba farashin bakin gonarka ba ne. Kafin doyar Salaga ta isa Accra sai an biya 'yan dako, kuɗin mota, harajin kasuwa da la'adar dillali, ga wadda za ta kakkarye a hanya. Wa zai ɗauki wannan nauyi? Sannan ƙwarya suna ta tara: doya ɗari ce, amma ɗarin manyan doyar puna daban take da ɗarin ƙanana. Haka buhun masara a Yendi. Shafi ya rubuta kilo 100, mai saye kuwa ya zo da buhun da zai danna har sai an ɗinka masa baki da ƙyar. Kai kana maganar buhu, shi ma yana maganar buhu, alhali ba abu ɗaya kuke nufi ba.

Mafi muni shi ne hoton da ba kwanan wata. Kasuwar Bawku bayan kwana uku-uku take ci, kuɗin albasa yana iya juyawa tsakanin ci biyu. Wani ya ɗauko farashin lokacin tsada ya yaɗa a kakar girbi, bawan Allah ya ƙi sayarwa, albasa ta ruɓe masa a rumfa. Wanda ya tura abin da bai tantance ba yana da kaso a wannan asara, ya ji tsoron Allah. Lalacewar hanya da faɗuwar kuɗin sidi su ma suna taka rawa wajen juyawar farashi.

Masu shafukan kuma akwai gyara a gabansu. Shafin da sai ya gama loda hotuna da tallace-tallace kafin ya nuna lamba ɗaya, ba don manomin ƙauyen Yendi aka yi shi ba. Datarsa za ta ƙare bai ga komai ba. A sa farashi a sama cikin rubutu zalla, a rage nauyin hotuna, a bar shafin ya ajiye bayanin ƙarshe a waya don lokacin da sabis ya ɗauke. Kowace lamba ta zo da abu huɗu: kasuwa, rana, ma'auni, da ko sari ne ko sayen ɗai-ɗai. Wadda ta kwana biyu a sa mata alama. A riƙa sabunta sunayen kasuwanni, tunda a 2021 aka tashi 'yan albasar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. Mai ƙaramar waya a ba shi saƙon tes, wanda bai yi boko ba a ba shi murya da Hausa, Dagbani, Gonja ko Kusaal.

Kai kuma manomi, duba rana kafin ka duba kuɗi. Kwatanta kasuwa biyu ko uku, kada ka tsaya kan Accra. Kira direban da ka sani ka ji kuɗin mota, ka cire shi tare da dako da la'ada. Ku haɗa kuɗi a ƙungiya ku sayi sikeli. Abin da ya rage bayan wannan lissafi, da shi za ka buɗe baki idan dillali ya ce, "Nawa ka bari?"