Me Ya Sa Kwamfuta Ke Kuskure a Lissafin Lamba Mai Ɗigo?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Amma idan mai karatu ya umarci harshen Python ya haɗa 0.1 da 0.2, amsar da zai gani ita ce 0.30000000000000004, ba 0.3 ba. Ina wannan jelar ta fito?

Dattawan kasuwar Nguru za su tuna cewa kafin 1973 sule ɗaya kwabo 12 ne. Mutum uku kan raba sule, kowa ya tashi da kwabo huɗu cif. Da naira ta zo da kwabo 100, sai kowa ya samu 33, ɗaya ya yi saura. Wato rabuwar adadi daidai ta danganta ne da tushen ƙirga.

To, kwamfuta da tushe biyu take ƙirga, wato 0 da 1 kawai. A wannan tushe, ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa, kamar yadda 0.333... ba ya ƙarewa a wurinmu. Tun da ma'ajiyarta na da iyaka, dole ta datse shi. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda yawancin kwamfutoci ke bi, ta tsara yadda ake datsewar ne, ba ta kawar da ita ba.

Kuskuren ƙanƙani ne, sai dai da yayyafi kogi kan cika. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a Dahran, ƙasar Saudiyya, ta kasa tare makamin Scud. Agogonta na ƙirga ɗaya bisa goma na daƙiƙa a datse. Bayan awa 100 tana aiki, kuskuren ya taru ya kai daƙiƙa 0.34. Sojojin Amurka 28 suka mutu.

Saboda haka, ɗalibin da zai rubuta wa dillalin shinkafa a Gashuwa manhajar lissafi ya kiyaye abubuwa uku. Na farko, ya ajiye kuɗi a kwabo: ₦250.75 ya zama 25075, lamba marar ɗigo. Na biyu, kada ya tambayi kwamfuta ko lambobi biyu masu ɗigo daidai suke. Ya duba ko tazarar da ke tsakaninsu ta gaza wani ɗan ƙaramin adadi da ya ƙayyade. Na uku, kada ya riƙa taƙaita lamba a tsakiyar lissafi, ya bari sai ƙarshe. Idan ya yi sakaci, kwabon da ke zurarewa kullum zai iya haɗa dillali da yaron shagonsa faɗa, alhali babu wanda ya ci amana.