Ko Kun Sani? Sitiyarin da ke karkarwa ba shi ne mai laifi ba

A motocin hot rod na Amurka, irin tsoffin Ford ƙirar 1932 da ake ɗora wa babban inji, rami ɗaya a kan titi ya isa ya sa sitiyari karkarwa har ya nemi ƙwace wa direba. Amma sau da yawa sitiyarin lafiyarsa ƙalau. Tayoyin gaba biyu a kan sandar ƙarfe guda suke, don haka duk bugun da ɗaya ta sha sai ya ratsa zuwa ɗayar. In akwai sako-sako a kinfin ko tayarod, ko taya ba balansin, sai su yi ta mayar wa juna bugun, kuma ba sa lafawa sai an rage gudu sosai.

Bakanike kan ɗaga gaban motar da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga. In ya ji ƙwas-ƙwas, bushin kinfin ko boris ya cinye. Daga nan sai ya auna kwanciyar kinfin zuwa baya, wadda masu haɗa irin motar kan bari tsakanin digiri 5 zuwa 7. Wasu kan ƙara sandar Panhard, ƙirƙirar wani kamfanin motoci na Faransa, don hana ƙarfen gaba zamewa gefe.

Ƙaramar shokazobar da ake ɗaura wa sitiyari kuwa rufa-rufa ce kawai. Karkarwar za ta yi shiru, amma abin da ya cinye yana nan yadda yake.