Jabun Imel: Nauyin Yana Wuyan Mai Adireshi

SMTP, tsarin da ake aika imel da shi, an shimfiɗa shi ne a 1982, lokacin da intanet bai wuce jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, kowa ya yarda da kowa. Shi ya sa har yau mai aikawa ne ke rubuta sunan da zai bayyana a saman saƙo, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan banki a bayan ambulan. Kullum ana jan kunnen jama'a su duba adireshi, amma idan ɗan damfara ya sa adireshin bankin harafi da harafi, me mai karatu zai gano? Gyaran yana hannun mai adireshin.

Kayan aikin kuwa sun daɗe. Da SPF kamfani ke wallafa jerin kwamfutocin da ya yarje wa aika saƙo da sunansa. DKIM na buga wa saƙo hatimin lissafi wanda ke ɓaci da zarar an taɓa abin da ke ciki. DMARC, da ya fito a 2012, yana duba ko sunan da mai karatu ke gani ya dace da wanda aka tantance, sannan mai adireshi ya yanke hukuncin jabu: a bar shi ya wuce, a keɓe shi, ko a ƙi karɓarsa. A nan da yawa ke noƙewa, su zauna a zaɓin farko, alhali matakin gwaji ne kawai. A 2017 gwamnatin Amurka ta ba hukumominta shekara guda su kai ga ƙin karɓa.

Masu jan ƙafa na tsoron saƙonnin gaskiya su salwanta. Tsoron na da tushe, amma DMARC na kawo rahoton duk mai aikawa da sunanka, sai ka gyara kafin ka tsaurara. Wasu kuma kan ce ɓarawo zai sayi adireshi mai kama da naka, ya wuce duk wannan shinge. Gaskiya ne, DMARC ba ya hana hakan. Sai dai ya tilasta masa sauya harafi ko ƙara kalma, kuma a nan ne gargaɗin a duba adireshi zai yi amfani. Duk banki ko ma'aikatar da ta bar adireshinta a buɗe ba ta da bakin zargin wanda aka damfara da sakaci.