Raunin Ƙashi Ga Mata Masu Shekaru

Kin san itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, amma da an jingina da shi sai ya karye. Haka wannan ciwo yake yi wa ƙashi. Ba ya sa zazzaɓi, da farko ma ba ya zafi. Sau da yawa ba a sanin yana nan sai ran da tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a makewayi, ta karye a ƙugu ko a wuyan hannu.

A duniya, cikin mata 3 da suka wuce shekara 50, ɗaya takan sami irin wannan karaya. Dalili kuwa, ƙashi yana ƙara ƙarfi ne har wajen shekara 30. In jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin da ke kare ƙashin mace yakan ragu, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa da sauri. In kin ga tsawonki ya ragu, ko bayanki ya fara ranƙwafawa, kada ki ce tsufa ne kawai. Ki zo a duba ki.

Abincin ƙashi yana nan kusa da ke: nono, kindirmo, cuku, zogale, miyar kuka, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu. Mun san halin iyaye mata, a dama fura a ba maigida da jikoki, su kuwa su sha saura. Inna, ki ɗebi rabonki tukuna. Ki kuma riƙa fita rana ta taɓa jikinki, domin ita ke taimakon jiki ya amfana da abincin nan. Tafiya da ƙafa da ƴan aikace-aikacen gida suna ƙarfafa ƙashi. Yawan zama yana raunana shi.

Ki yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da na ciwon jiki da ake saya a tebur, irin su dexamethasone da prednisolone. Shan su wata da watanni yana cin ƙashi. In kin daɗe kina sha, kada ki daina farat ɗaya, ki kawo su mu gani.

Ku kuma ƴaƴa da jikoki, ku ajiye mata tocila kusa da shimfiɗa, ku samo mata sanda, ku kai ta a duba idonta in yana yana. Idan ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ku kawo ta asibiti a ranar. Karayar ƙugu ba ta mai ɗori ba ce, kuma doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya da ciwon huhu.