Ƙaramar roka ta kwali: yi mata ado yadda kake so, amma kada ka taɓa injin

Duk wanda ke yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da hoton: yara sun taru a wani fili, an ƙirga biyar zuwa ɗaya, sai wata ƴar roka da ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba ta yi sama tana hayaƙi, bayan ɗan lokaci ta sauko a hankali da laima. A Amurka wannan wasa ya haura shekaru 60, kuma ƴan uwanmu mazauna can da Faransa na ganin kayan haɗa ta a kantunan wasan yara. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi kan tebur kafin a fita fili, alhali a nan ne ake yanke hukuncin ko rokar za ta miƙe sama ko za ta juyo kan masu kallo.

Asalin wasan ma daga haɗari ya samo tushe. A shekarun 1950, musamman bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoban 1957, samarin Amurka suka shiga cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe don su yi tasu rokar. Wasu sun rasa yatsu, wasu idanu, wasu ma rayukansu. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta, ya riga ya ƙera wani ɗan inji na takarda da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, wani injiniya a sansanin gwajin makamai na White Sands, wanda ya kafa ƙungiyar NAR ta masu wannan wasa a 1957. Shekara guda bayan haka Vern Estes ya buɗe kamfanin Estes, ya kuma ƙera na'urar da ke fitar da inji ɗaya a duk daƙiƙa biyar da rabi. Tun daga nan aka raba aiki: masana'anta ce ke haɗa albarushi, yaro kuma ya gina gangar jiki.

Idan ka buɗe kwalin ba za ka ga wani abin a zo a gani ba. Bututun kwali ne, da hanci mai tsini na roba ko na katakon balsa marar nauyi, da fukafukai uku ko huɗu, da mazaunin inji, da laimar leda, da igiya mai talewa da ke riƙe hancin. Akwai kuma wani ɗan guntun bututu kamar tsinken shan lemo da ake mannawa a gefe, wanda ke bin sandar ƙarfe har rokar ta samu gudu.

Fukafukan su ne ke cin lokaci. Ana yanka su ta yadda zaren katakon zai bi gefen da ke fuskantar iska, in ba haka ba su tsage tun a tashin farko. Ana goge su, a ja layi a jikin bututun, a manna ɗaya bayan ɗaya, a jira gam ya bushe kafin a taɓa na gaba. Mai gaggawa a nan yake faɗuwa. Fiffike ɗaya da ya ɗan karkace ya isa ya sa rokar ta riƙa murɗawa a sama.

Shi kuwa injin, rubutun da ke jikinsa ya faɗi komai. Ɗauki C6-5. Harafin na nuna jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi ya ninka na bayansa: B ya ninka A, C ya ninka B. Lamba 6 matsakaicin turawa ce a ma'aunin Newton. Lamba 5 kuwa daƙiƙun da injin zai jira ne bayan wutar ta ƙare, kafin ya yi ƴar fashewar da ke ture hanci ta buɗe laima. Wutar kanta ba ta kai daƙiƙa biyu tana ci ba, amma tana iya kai ƙaramar roka sama da mita 300. Idan ka sa wa roka mai nauyi inji mai dogon jira, za ta dawo ƙasa laimar na ciki.

Sai batun gyara da ado, inda kowa ke son nuna tasa basirar. Fenti da lambobi da launin tutar ƙasa duk ba laifi, muddin ba a yi ta lafta su ba. Matsala na farawa ne idan aka rage fukafukai don su yi kyau, ko aka gajarta bututu, ko aka sa injin da ya fi wanda takardar ta ce. Kowace roka tana da maki biyu. Na farko shi ne tsakiyar nauyi, wurin da za ka ɗora ta kan yatsa ta zauna daidai. Na biyu shi ne wurin da matsin iska ke taruwa idan ta ɗan karkace. Dole tsakiyar nauyi ya kasance a gaba, wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. Haka kibiya take, ƙarfen na gaba. Babban inji yana jan nauyi baya, ƙananan fukafukai na tura makin iska gaba, kuma idan makin biyu suka haɗu ko suka yi musanya, rokar za ta yi ta tuntsure a sama, ta nufi duk inda ta ga dama da wuta a gindinta.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A sa inji a ciki, a ɗaura igiya daidai tsakiyar nauyi, a wulwula ta a saman kai. Idan hanci ya bi gaba, lafiya. Idan ta yi ta juyi, a cusa ɗan yumɓu cikin hanci ko a ƙara girman fukafukai. Mai kwamfuta na iya sauke manhajar OpenRocket kyauta, wadda ke lissafin da James Barrowman ya tsara tun shekarun 1960, ta nuna makin biyu kafin a yanka komai. A gasar ɗalibai ta American Rocketry Challenge, ana ɗora ɗanyen ƙwai a cikin roka, a kai shi tsayin da aka ƙayyade, a dawo da shi bai fashe ba. Da irin wannan lissafi ake cin gasar.

Dokokin NAR a fili ba su da yawa: kunna wuta da batir da doguwar waya, tsayawa nesa da kusan mita 5 ga ƙananan injuna, ba a harbawa idan iska ta wuce kilomita 32 a awa, kuma ba a yi kusa da busasshiyar ciyawa. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji a lokacin hunturu ba ya buƙatar a yi masa bayanin ta ƙarshen.

Ga ɗan uwa da ke waje yake tunanin sayo wa ƙanensa a Maraɗi ko Damagaram, ya sani cewa injin na cikin jerin abubuwa masu fashewa, kuma kamfanonin jiragen sama ba sa yarda da shi a jakar fasinja. Gangar jiki za ta iso, inji ba zai iso ba, kuma a nan ne tsoron yake: yaro mai zumuɗi ya ga roka a hannu ya ce bari ya haɗa da kan ashana ko albarushin mafarauta. Wannan shi ne ainihin abin da ya nakasa yaran Amurka. Ban da haka, a halin tsaron da ake ciki, harba abu mai hayaƙi sama ba da sanin hukuma ba neman fitina ne.

A Faransa, ƙungiyar Planète Sciences da ke aiki da hukumar sararin samaniya ta CNES tun 1962 na koya wa yara da rokar ruwa. Gorar lemo ta roba ce, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a manna fukafukan kwali, a sa ɗan nauyi a hanci, a hura iska da famfon keke. Tana tashi mita da dama, kuma idan aka sa nauyin a baya, tana tuntsurewa daidai yadda ta albarushi ke yi.